Kundaye uku na tarihin reggae: wanne ya kamata mai son sanin asali ya fara da shi?

Mafi yawan masu sauraron reggae a ƙasar Hausa sun shiga wannan kiɗa ne ta ƙofa ɗaya, wato kaset ɗin Bob Marley, daga nan kuma suka zarce zuwa Lucky Dube na Afirka ta Kudu da Alpha Blondy na Kwaddibuwa, ko kuma Majek Fashek da Ras Kimono na Najeriya. Wanda ya shiga ta wannan ƙofa yakan ɗauka cewa reggae kiɗa ne guda mai taku ɗaya, mai sanyin tafiya, wanda masu dogon gashi ke rera shi a kan zalunci da 'yanci. Amma abin da Marley ya fitar wa duniya daga shekarar 1973 ya zo ne bayan kusan shekara goma sha biyar ana buga faya-fayai a birnin Kingston na ƙasar Jamaika, kuma bayan mutuwarsa a watan Mayun 1981 kiɗan ya sake fata fiye da sau ɗaya. Duk wanda yake son ya ji wannan doguwar tafiya da kunnensa, daga tushe har zuwa rassa, yana buƙatar kundi mai tattara waƙoƙin mawaƙa daban-daban bisa jerin shekaru.

Irin waɗannan kundaye suna da yawa a kasuwa, amma uku daga cikinsu ne suka cancanci a auna su da juna, domin kowannensu faifan CD huɗu ne, kowannensu kuma ya yi niyyar ba da tarihi. Na farko shi ne Tougher Than Tough: The Story of Jamaican Music, wanda kamfanin Island ya fitar a 1993 ta hannun reshensa mai suna Mango, mai ɗauke da waƙoƙi 95 daga 1958 zuwa 1993. Na biyu shi ne This Is Reggae Music: The Golden Era 1960–1975, wanda kamfanin Trojan na Landan ya fitar a 2004. Na uku kuwa shi ne Reggae Golden Jubilee: Origins of Jamaican Music, wanda kamfanin VP na New York ya fitar a 2012 domin bikin cikar Jamaika shekara hamsin da samun mulkin kai, mai waƙoƙi 100 waɗanda tsohon Firayim Ministan ƙasar, Edward Seaga, ya zaɓa da kansa. Bambancin da ke tsakaninsu ya samo asali ne daga abubuwa uku: wanda ya yi zaɓin, rumbun da aka ɗebo waƙoƙin daga cikinsa, da kuma shekarar da aka dasa aya.

Zan daɗe a kan na farko, domin shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Wanda ya tsara shi wani Bature ne ɗan Ingila mai suna Steve Barrow, wanda ya shafe shekaru yana sayar da faya-fayan Jamaika yana kuma rubutu a kansu, daga baya kuma ya kasance cikin waɗanda suka kafa kamfanin Blood and Fire mai sake buga tsofaffin faya-fayan reggae. Barrow ya raba tarihin gida huɗu, kowane faifai da zamaninsa: 1958 zuwa 1967, 1968 zuwa 1974, 1975 zuwa 1981, sai 1982 zuwa 1993. Wannan rabo ba na ganin dama ba ne, domin kowace iyaka ta faɗa daidai inda kiɗan ya canza salo, kuma mai sauraro da ya bi jerin daga farko yana jin canjin yana faruwa a hankali, waƙa bayan waƙa, ko da bai karanta komai ba.

Dabarar da ta fi burge ni a cikinsa ita ce yadda aka buɗe shi da yadda aka rufe shi. Waƙar farko ita ce “Oh Carolina” ta Folkes Brothers, wadda Prince Buster ya ɗauki nauyin bugawa, kuma a cikinta ne aka ji gangunan Count Ossie da mutanensa, wato gangunan hannu na mabiya Rastafari, wata aƙidar addini da ta samo asali a Jamaika, a lokacin da masu faɗa a ji a Jamaika suke kallon waɗannan mutane a matsayin 'yan gefen gari. Waƙar ƙarshe kuma ita ce dai wannan “Oh Carolina”, amma ta bakin Shaggy, wanda ya sake ta da kiɗan na'ura har ta zama ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1993. Tsakanin waɗannan biyun akwai shekara talatin da 'yan kai, kuma idan mutum ya saurare su a jere zai gane wata ɗabi'a ta kiɗan Jamaika wadda ta bambanta shi da na wasu ƙasashe, wato ba a yar da tsohon kiɗa, sake ɗinka shi ake yi. Mutanen can suna kiran gangar jikin kiɗan da babu murya a kanta da sunan riddim, kuma riddim ɗaya mawaƙa da dama kan hau shi, kowa da nasa baitin, wani lokaci bayan shekaru masu yawa. Misali sananne shi ne kiɗan “Real Rock” da aka buga a situdiyon Studio One a 1967, wanda Willie Williams ya hau da waƙarsa “Armagideon Time” bayan shekara goma da ɗoriya.

Faifan farko yana fara wa ne da zamanin da babu ma sunan reggae. A shekarun 1950 talakawan Kingston suna rawa ne a filayen da ake kafa manyan lasifikoki, abin da suke kira sound system, inda masu kayan irin su Duke Reid da Clement “Coxsone” Dodd suke gasar wa ya fi mallakar sabon faifan baƙar fatar Amurka, har sukan kankare sunan da ke jikin faifai domin kada abokin hamayya ya gano shi. Da irin kiɗan da suke so ya fara ƙaranci a Amurka, sai suka shiga ɗaukar mawaƙan gida, kuma daga wannan kwaikwayo ne aka haifi ska, kiɗa mai sauri wanda kayan busa ke jan ragamarsa, jita da fiyano kuma suna faɗowa a tsakanin bugun ganga maimakon a kansa. Wannan ya zo daidai da samun mulkin kai a ranar 6 ga Agusta, 1962, kuma ana jin zumuɗin wancan lokaci a “Forward March” ta Derrick Morgan. A nan ne mai sauraro zai haɗu da Millie Small da waƙarta “My Boy Lollipop” ta 1964, wadda ta kai matsayi na biyu a Birtaniya da Amurka ta kuma sama wa Chris Blackwell, mai kamfanin Island, jarin da ya gina kamfaninsa da shi. A nan ne kuma zai ji Bob Marley yana saurayi a cikin ƙungiyar Wailers, yana jan kunnen 'yan daban unguwa a “Simmer Down”, da murya da saurin kiɗan da wanda ya san shi ta kaset ɗin baya da wuya ya gane shi. Kafin faifan ya ƙare, wajen 1966, saurin ya ragu, kayan busa sun ja baya, jita mai kaurin murya ta fito gaba, muryoyi uku-uku masu daɗi sun mamaye fage, kuma wannan shi ne rocksteady, wanda bai yi shekara uku cikakku ba amma ya bar kaɗe-kaɗen da ake ta haƙowa har yau.

Faifai na biyu shi ne lokacin da sunan reggae ya bayyana, a 1968, shekarar da Toots and the Maytals suka sa kalmar a sunan waƙarsu “Do the Reggay”. A cikinsa akwai “Israelites” ta Desmond Dekker, wadda ta zama ta ɗaya a Birtaniya a 1969, akwai kuma farkon wani abu da daga baya zai cinye fagen gaba ɗaya, wato mai magana a kan kiɗa. U-Roy, wanda ya yi tashe a 1970, ba rera waƙa yake yi ba, jefa zance yake yi a tsakanin muryoyin tsohon faifai, yana kirari yana zuga 'yan rawa, kusan yadda sanƙira ke cusa magana a tsakiyar waƙar makaɗin fada. A Jamaika irin wannan mutum ake kira DJ, shi kuwa mai zaɓar faifai sunansa daban. Faifai na uku shi ne zamanin da yawancinmu muka sani, na waƙoƙin Rastafari da na kukan talaka, inda ake jin Burning Spear yana tuna Marcus Garvey, ɗan Jamaika mai fafutukar 'yancin baƙar fata, da “Police and Thieves” ta Junior Murvin da Lee Perry ya haɗa a situdiyonsa na Black Ark a 1976, da “Two Sevens Clash” ta ƙungiyar Culture a 1977. Na huɗu kuma shi ne dancehall, salon filin rawa wanda masu magana a kan kiɗa suka mamaye, kuma a tsakiyarsa akwai iyakar da ta raba zamani biyu: “Under Mi Sleng Teng” ta Wayne Smith a 1985, wadda aka gina a kan wani kiɗa da ke cikin ƙaramar na'urar Casio MT-40 a situdiyon Prince Jammy, ta kuma nuna wa furodusoshi cewa ana iya buga faifai ba tare da an biya makaɗa biyar ko shida ba.

Wani zai iya cewa tunda Island ne kamfanin Marley, kundin zai cika da waƙoƙinsa, amma abin bai zama haka ba. Waƙoƙinsa a ciki 'yan ƙalilan ne, kuma ni a ganina wannan yana daga cikin ƙarfin kundin, domin ya mayar da Marley cikin sahun tsaransa, inda ake ganin Dennis Brown da Gregory Isaacs da Delroy Wilson da Alton Ellis, mutanen da a filin rawa na Kingston ba su gaza shi farin jini ba. Wanda yake neman Marley zalla ya nemi Legend na 1984, wanda shi ne faifan reggae mafi ciniki a duniya, sai dai wancan tarihin mutum ɗaya ne a cikin shekaru goma na rayuwarsa. Raunin Tougher Than Tough a fili yake, ya tsaya a 1993. Babu komai a cikinsa na komawar Buju Banton ga waƙoƙin tunani a tsakiyar shekarun 1990, babu tashen Sizzla da Luciano, babu Sean Paul, babu Damian Marley. Yaron da aka haifa bayan shekarar 2000 zai saurari faifai huɗu ya ƙare bai ji muryar da ya sani daga zamaninsa ba, in ban da Shaggy da Shabba Ranks waɗanda ƙila ya taɓa jin sunansu.

Kundin Trojan wata hanya ya bi, kuma sai an san kamfanin kafin a fahimci zaɓinsa. An kafa Trojan ne a Landan a 1968 da haɗin gwiwar Lee Gopthal da kamfanin Island, sunan kuma an aro shi ne daga sound system ɗin Duke Reid, wanda shi ma ya samo shi daga babbar motar da yake ɗaukar kayansa da ita. Aikin kamfanin shi ne ya karɓo faya-fayai daga furodusoshin Kingston ya buga su a Birtaniya, da farko domin 'yan Jamaika da suka yi ƙaura can bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya kuma domin samarin Turawa 'ya'yan leburori waɗanda suka rungumi kiɗan a ƙarshen shekarun 1960. Kamfanin ya durƙushe a 1975, rumbunsa ya yi ta canza hannu, kuma a hannun kamfanin Sanctuary yake a lokacin da aka fitar da wannan kundi. Saboda haka shekarar 1975 da ke jikin sunan kundin ita ce shekarar da zamanin Trojan na farko ya ƙare, alhali reggae ɗin kansa a lokacin ne ma yake shiga ganiyarsa.

Ribar wannan taƙaitawa ita ce zurfi. Abin da Barrow ya matse a faifai biyu, Trojan ya shimfiɗa shi a huɗu, don haka mai sauraro yana samun damar zama sosai a cikin rocksteady da reggae na farko, musamman abin da ya fito daga situdiyon Treasure Isle na Duke Reid da daga hannun Leslie Kong da Lee Perry. Marley ɗin da ke rumbun Trojan shi ne na wajen 1970 zuwa 1971, lokacin da shi da Peter Tosh da Bunny Wailer suke aiki da Lee Perry, kafin Island ya gyara sautinsu domin kunnen Turawa masu son kiɗan rock, kuma masana da yawa suna ganin wannan ne lokacin da ƙungiyar ta fi kaifi. Wanda ya riga ya ji rocksteady ya ji ya kwanta masa, wannan kundi zai ƙosar da shi fiye da sauran biyun.

Sai dai akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, kunnen Trojan kunnen Landan ne. Waƙoƙin da kamfanin ya fi alfahari da su su ne waɗanda suka shiga jerin masu kasuwa a Birtaniya, kamar “Double Barrel” ta Dave da Ansel Collins a 1971 da “Everything I Own” ta Ken Boothe a 1974, waɗanda duka suka zama na ɗaya, kuma kamfanin yana da al'adar ɗora sautin goge irin na Turawa a kan faifan da aka ɗauka a Kingston domin gidajen rediyo su yarda su sa shi, kamar yadda aka yi wa “Young, Gifted and Black” ta Bob Andy da Marcia Griffiths a 1970. Wannan tarihi ne na gaskiya, amma tarihin yadda reggae ya shiga Turai ne fiye da yadda aka yi rawarsa a gida. Na biyu, mafi yawan abin da aka buga a Studio One ba ya cikin rumbun Trojan, kuma Studio One na Coxsone Dodd shi ne makarantar da Wailers da Heptones da Burning Spear da Skatalites suka bi ta cikinta. Tarihin shekarun 1960 da babu isasshen kason wannan situdiyo yana da giɓin da ba ya ɓoyuwa, kuma mai son cike shi sai ya nemi kundayen da kamfanonin Heartbeat da Soul Jazz suka fitar daban. Ga shi kuma duk abin da ke faifai na uku da na huɗu na Barrow, daga Culture zuwa dancehall, ba ya nan sam.

Na uku, Reggae Golden Jubilee, shi kaɗai ne a cikinsu wanda mutumin Jamaika ya zaɓi waƙoƙinsa domin wani biki na ƙasar. Edward Seaga ba baƙo ba ne a harkar faifai. Kafin ya yi nisa a siyasa ya yi bincike a kan kaɗe-kaɗen addinin gargajiya na talakawan ƙasar, ya kuma kafa kamfanin faifai mai suna WIRL a ƙarshen shekarun 1950, inda ya buga “Manny Oh” ta Higgs and Wilson, ɗaya daga cikin faya-fayan gida na farko da suka yi kasuwa sosai. Joe Higgs ɗin nan shi ne wanda ya koya wa Marley da abokansa haɗa murya a unguwar Trench Town. Daga baya Seaga ya sayar da kamfanin, ya koma hannun Byron Lee aka canza masa suna zuwa Dynamic Sounds. Shi ma kamfanin VP tushensa a Kingston yake, domin Vincent Chin da matarsa Patricia sun fara ne da shagon faifai mai suna Randy's a ƙarshen shekarun 1950, kafin su koma New York su kafa VP a 1979, kamfanin da ya zama babban dillalin dancehall a duniya ya kuma saye Greensleeves na Birtaniya a 2008. Wannan ya ba kundin ikon da sauran biyun ba su da shi, wato ya ratsa shekarun 1990 ya shiga na bayan 2000.

A nan dole in yi ɗan ratse, domin sunan mai zaɓin ba ƙaramin abu ba ne. Seaga ya wakilci Yammacin Kingston a majalisa daga 1962 har zuwa 2005, ya kuma yi Firayim Minista daga 1980 zuwa 1989. A lokacin da yake minista a shekarun 1960 aka rushe unguwar Back-o-Wall, inda mabiya Rastafari da yawa suke zaune, aka gina Tivoli Gardens a wurin. Shi ne kuma ya tura tawagar ska zuwa baje kolin duniya na New York a 1964 tare da ƙungiyar Byron Lee, aka bar Skatalites a gida, abin da makaɗan unguwannin talakawa suka daɗe suna ƙorafi a kai. Shi ne mutumin da Marley ya haɗa hannunsa da na abokin hamayyarsa Michael Manley a kan dandamali a watan Afrilun 1978, a daidai lokacin da 'yan bangar jam'iyyunsu biyu suke harbin juna a titunan Kingston. Ma'ana, da yawa daga cikin waƙoƙin kukan zalunci na shekarun 1970 an rera su ne a kan halin da shi da takwarorinsa 'yan siyasa suke da hannu a ciki. Wannan bai rage ingancin kunnensa ba, kuma ya san mutanen da abin ya faru a gabansu, amma mai karanta bayanin da ke cikin kundin ya riƙa tuna cewa ɗan siyasa ne ke magana a lokacin bikin ƙasa, lokacin da aka fi son a ambaci abin alfahari.

Idan aka yi lissafi, waƙoƙi 100 a kan shekara hamsin sun zama kimanin biyu a kowace shekara, alhali na Barrow ya kusa uku a shekara, na Trojan kuma ya ninka haka. Kundin da zai zaɓi waƙa biyu kacal daga shekara guda dole ya ɗauki mafi shahara, don haka Golden Jubilee ya fi kama da jerin waƙoƙin da kowane ɗan Jamaika ya sani, wanda hakan alheri ne ga baƙo, amma yana sa tafiyar ta zama ta tsalle-tsalle. Ana isa kowane zango, sai dai ba a cika jin yadda aka taka daga wannan zuwa wancan ba. Akwai kuma maimaici mai yawa tsakaninsa da Tougher Than Tough a shekarun farko, domin manyan waƙoƙin ska da rocksteady sanannu ne kuma duk mai zaɓi zai faɗa a kansu, saboda haka wanda ya mallaki na Barrow abin da zai ƙaru da shi a nan galibi yana ɓangaren ƙarshe ne.

Akwai abin da dukkansu uku suka gaza a kai. Salon dub, wanda King Tubby da Lee Perry da Augustus Pablo suka ƙware a kansa a shekarun 1970, inda injiniya ke cire murya ya bar ganga da jita mai kaurin murya yana wasa da amsa-kuwwa, bai samu kason da ya dace da tasirinsa ba, saboda kundayen sun karkata ga waƙoƙi masu murya da suka yi kasuwa. Haka nan duk ukun labarin Jamaika suke bayarwa, don haka kada mai saye ya sa ran jin Lucky Dube ko Alpha Blondy ko wani mawaƙin Afirka a ciki, duk da cewa ta bakinsu ne da yawa daga cikinmu suka ƙaunaci kiɗan. Ya kamata kuma in faɗa a sarari, domin mai niyyar sa su a mota ko a falo cikin iyali, cewa tarihin ya ƙunshi abin da ba kowane gida zai so ba. Waƙoƙin Rastafari suna ɗaukaka Sarkin Habasha Haile Selassie zuwa matsayin abin bauta, wasu suna yabon tabar wiwi, kuma batsa tsohuwa ce a wannan fage, tun daga waƙar Max Romeo da BBC ta hana sawa a 1969 har zuwa dancehall, inda ta ƙaru tare da kirarin bindiga. Turancin Jamaika yana da wuyar ji ga wanda bai saba ba, wanda hakan kan ɓoye abubuwa da yawa, amma ta wannan fuska kundin Trojan ne ya fi sauƙi, tunda ya tsaya kafin dancehall kuma waƙoƙin soyayya sun yi yawa a cikinsa.

Maganar samu ita ma tana cikin zaɓi. Tougher Than Tough ya haura shekara talatin da fitowa, ba a cika samunsa sabo ba, sai dai a hannun masu sayar da tsofaffin faya-fayai ta intanet, kuma idan za a saya a tabbatar ɗan littafin da ke cikinsa yana nan, domin bayanin Barrow rabin darajar kundin ne. Wanda ba shi da halin yin odarsa daga waje yana iya neman jerin waƙoƙin, ya harhaɗa su da kansa a Spotify ko YouTube bisa tsarin da aka jera su, tunda tsarin shi ne darasin. A nan akwai tarko guda: mawaƙan Jamaika da yawa sun sake ɗaukar tsofaffin waƙoƙinsu bayan shekaru da kiɗan na'ura, kuma waɗannan sababbin sun cika intanet da suna iri ɗaya da na asali. Idan waƙar da aka ce ta 1967 ce ta zo da sauti tas da gangar kwamfuta, to ba ita ba ce, kuma sa ta a jerin zai ɓata abin da ake son a ji.

Ga wanda bai san komai ba sai Marley kuma yake son ya fahimci yadda abin ya faro da yadda ya rikiɗe, Tougher Than Tough nake ba da shawara ba tare da jinkiri ba, domin ya ɗebo daga rumbuna da yawa, ya haɗa Studio One da Treasure Isle da Black Ark da situdiyon Jammy a wuri ɗaya, kuma jerinsa yana koyarwa da kansa. Ga matashin da dancehall ne ya jawo shi, wanda zai gaji idan bai ji zamaninsa ba, ko mai gabatar da shiri a rediyo da yake buƙatar kundi guda da zai ratsa shekara hamsin, Reggae Golden Jubilee ya fi dacewa. Kundin Trojan kuwa na biyu ne a saye, ga wanda ya riga ya bi tarihin gaba ɗaya ya kuma gano cewa zuciyarsa tana tsakanin 1966 da 1974. Idan kuɗin ya isa guda biyu, zan haɗa na Barrow da na Trojan ga mai son tsohon sauti, ko na Barrow da wani kundin dancehall na VP ko Greensleeves wanda ya fara daga 1993 ga mai son ci gaba, maimakon a sayi na Barrow da na Seaga tare a biya kuɗin waƙoƙin ska iri ɗaya sau biyu.